Yarona ya ƙwallafa rai a besbol, ta ina zan fara masa a gida?

Abu Sadik, Dammam:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Sadik shekararsa 5, tunda muka je gidan wani abokin aikina a Zahran ya ga yara suna besbol da hulunansu da wannan ƙatuwar safar hannun shikenan ya hana mu sakat, kullum Baba sanda Baba ƙwallo. Ni kuma ƙwallon ƙafa na sani sai langa da muka yi a Kano. Na je na siyo masa ƙwallon gaske, jifan farko ta fasa masa leɓe, yanzu ko hannu na ɗaga sai ya runtse ido ya juya baya. Uwarsa ta ɓoye ƙwallon ma. Kuma a shagga muke, wato gida a cikin bene, hawa na uku, babu fili.

Maman Hanan, Jidda:
Haba Abu Sadik, ai gwara da ta ɓoye wallahi. Abin da ya kusa gram 150 ga tauri kamar dutse zaka jefa wa ɗan shekara 5? Ka dunƙule safar ƙafa biyu ta zama ƙwallo, ku zauna a ƙasa a falo kuna mirgina wa juna, in ya saki jiki sai ka fara jefa masa a hankali daga ƙasa, taku uku tsakaninku. Tsoron nan shi zaka fara cirewa, sanda ta jira tukuna. Kuma minti goma ya isa, ka tsaya tun yana roƙon a ƙara.

Baba Ɗanjuma, Khobar:
Ɗana, yaron naka ba a banza ya gani a Zahran ba, Amurkawan kamfanin mai na Aramco ne suka kawo wasan nan tun da daɗewa, yaran can sun sha zuwa gasar besbol ɗin yara ta duniya, wato Little League, da ake yi a Williamsport can Amurka. Na yi shekaru ina kai 'ya'yan maigidana filin ina zaune ina kallo, ƙananan ba a jefa musu ƙwallo sam, ɗora ta ake a kan wani sanda a tsaye daidai ƙugun yaro ya dake ta tana zaune. Ka samu guntun fayif na ruwa ka kafa a gwangwanin madara da yashi, ya wadatar. Sandan dukan na roba mara nauyi, hannuwa biyu a haɗe ba rata, ya tsaya a gicciye, ido a kan ƙwallo har ya daka. Safar hannun kuma a hannun da baya jifa da shi ake sawa, in na dama ne shi to hagu, mutane da yawa nan suke kuskure wurin siya. Wurin cafewa, in ta zo sama da cibiya yatsu su kalli sama, in ƙasa ce su kalli ƙasa.

Ɗan Takari 92, Makka:
Baba ya gama magana. Nawa dai kar ku yi dukan a cikin shagga, ni gilashin tagar maƙwabci na biya saboda ƙanina, har yau haris ɗinmu, wato mai gadin gidan, harara ta yake. Ku nemi fegin da 'yan Pakistan suke kurket ranar Juma'a ku raɓa gefe, amma bayan la'asar ko isha, zafin Dammam ba wasa ba. Ƙwallon tenis ta fi muku, ita ma su suke amfani da ita suna naɗe ta da salatif.

Abu Sadik, Dammam:
Allah ya saka da alheri. Mun gwada ƙwallon safar ƙafar jiya da daddare, cikin jifa goma ya cafe huɗu, biyu da ƙirji ya tare amma bai runtse ido ba, sai dariya. Baba ka kama ni, safar hannun da na siyo ta dama ce kuma da dama yake jifa, gobe zan maida ita in shagon sun yarda su canja. Fayif ɗin inci nawa zan nema?