Julie Andrews: mawaƙiya ce ko mai rera waƙar wasu?

Nafisa: Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau sai na faɗa. Zaluncin da aka yi wa Julie Andrews, 'yar wasan nan ta Ingila, ba ƙarami ba ne. Ita ta fara fitowa a matsayin Eliza, jarumar wasan waƙe-waƙe na My Fair Lady, a dandamalin Broadway na Niyok tun 1956, ta yi sama da shekara uku tana yin sa tsakanin Niyok da Landan. Da aka tashi mayar da shi fim ɗin da ya fito a 1964, furodusa Jack Warner ya ɗauki Rex Harrison da suka yi wasan tare, ita kuwa ya tsallake ta, wai ba a san ta a fim ba. Ya ba Audrey Hepburn rawar Eliza da dala miliyan ɗaya. A ajiye mawaƙiya irin wannan a ɗauko wadda sai an ara mata murya! In ba zalunci ba, mene ne?

Malam Sabo: Ƙanwata, gyara kalma ɗaya. Ba mawaƙiya ba ce. Baitocin wasan nan Alan Jay Lerner ya rubuta su, Frederick Loewe ya ɗora musu kari. Na fim ɗinta Mary Poppins kuwa, wasu 'yan'uwa biyu, su Sherman, suka yi. Mawaƙi shi ke haifar waƙarsa, kamar Shata da Ɗanƙwairo da Barmani Coge. Wadda aka miƙa wa takarda ta haddace, mai rerawa ce.

Auwal: Malam, a nan kam ban bi ka ba. A sutudiyo a Kano wani ke rubuta baitin, a kira mace ta shiga ta ɗora murya, kuma kowa mawaƙiya yake ce mata. Aikin ba haddar takarda ba ne kawai: ta san inda za ta ja numfashi, inda za ta sauke, yadda za ta zauna a kan kiɗa ba ta riga shi ba, ba ta makara ba.

Malam Sabo: Don ana faɗa ba shi ne daidai ba, Auwal. Ɗan amshi ma ya san wannan duka, amma ba a taɓa kiran sa mai waƙar.

Garba: Ku huta, zabiya ce ta Turawa.

Hajiya Ladi: Garba, ka janye wannan. Zabiya a gidan biki take waƙa, tana wasa masu biki ana yi mata liƙi. Wannan kuwa tana da shekara 12, a 1947, ta hau dandamalin Hippodrome a Landan ta kai wata murya ta can sama wadda manya ke kasawa. Shekara guda bayan nan ta yi waƙa gaban Sarkin Ingila. Madam Lilian Stiles-Allen ta horar da ita tun tana yarinya. Karatu ne aka yi, ba tashi aka yi da shi ba.

Garba: Hajiya, to zabiya zagi ne? Ke ce kika raina zabiyoyi yanzu, ba ni ba. Su ma tun suna yara suke bin iyayen gidansu suna koyo.

Hajiya Ladi: Ban raina kowa ba. Sana'a biyu ce daban na ce.

Zainab: Ni maganar "ara mata murya" ce ta tsaya mini. Anti Nafisa, Audrey ta yi atisaye, ta shiga sutudiyo ta rera waƙoƙin da bakinta. Daga baya aka ɗora muryar Marni Nixon a kan mafi yawansu. Wannan Marni ita ta yi wa Deborah Kerr a 1956, ta yi wa Natalie Wood a 1961. Al'adar Hollywood ce a lokacin. Kai, a The Sound of Music na 1965 ma, wanda Julie ta fito, Bill Lee ne ya rera wa Christopher Plummer. Me ya sa shi ba a goranta masa? Jarumanmu na Kannywood duk mamin suke yi, ba wanda ya ce sun yi sata.

Auwal: Mamin a fim daban, dandamali daban, Zainab. A fim in baiti ya ɓaci a sake, sau goma ma. A Broadway sau takwas ake wasa a mako, kwana shida, biyu daga ciki sau biyu a yini. Wasan ya kusa awa uku. A 1956 ba makirufo a jikin ɗan wasa, da ƙirjinka za ka tura murya ta haye makaɗa ta kai kujerar ƙarshe. Rawar Eliza kuma mugunta ce ga maƙogwaro: a farko tana ihu da karin harshen 'yan kasuwar Landan, can kuma ta koma siririyar murya mai tsafta. Wadda ta yi wannan shekara uku, Malam Sabo ya ce haddar takarda ce?

Malam Sabo: Ban ce ba wuya ba. Na ce ba ita ta haifi waƙar ba. Kuma in gwanintar ta kai yadda kuke faɗa, ya aka yi muryar ta mutu a 1997?

Sista Maryam: Malam, wannan ba hujja ba ce, kuma bai kamata a ɗora mata ba. Jijiyoyin murya biyu ne a maƙogwaro, iska ke kaɗa su suna haɗuwa suna rabuwa. A muryar mace ta tsakiya sukan kaɗa sau 440 a daƙiƙa ɗaya, a can sama fiye da sau 1,000. Saman su akwai wata fata mai laushi, ita ke yin motsi kamar ruwa. In aka matsa musu, wurin da suke gugar juna yakan yi kanta. Maganin farko hutu ne da koyon sarrafa murya, ba wuƙa ba. Ita Julie tun 1995 take wasan Victor/Victoria a Broadway, tana da shekara 60. A 1997 aka yi mata tiyata a Niyok, wurin ya yi tabo. Tabo ba ya lanƙwasa, sai jijiyar ta sandare, iska ta riƙa zurarewa, muryar sama ta tafi. Ta kai likitocin ƙara a 1999, aka sasanta a 2000. Daga baya an sake yi mata aiki, muryar magana ta gyaru, ta waƙa ba ta dawo yadda take ba.

Garba: Sista, "mutu" ɗin da Malam ya ce ma bai dace ba. Ta ci gaba da fitowa a fim, har da The Princess Diaries a 2001.

Malam Sabo: Magana ce take yi a ciki. Ga shi ka taimake ni: 'yar wasa ce.

Hajiya Ladi: Malam, wanda ya rasa ƙafa a haɗari ai ba a cewa dama can bai iya tafiya ba.

Auwal: Bari in tattara, tunda ni ke kula da zauren. Mafi yawanmu sun yarda mawaƙiya ce, Malam Sabo kaɗai ya tsaya a kan sai wanda ya rubuta. Maganar zabiya an janye ta. An kuma tabbatar aikin dandamali ya fi mamin nesa ba kusa ba, kuma kyautar Oscar ta gwarzuwar jaruma da Julie ta ci da Mary Poppins, alhali ba a ko sa sunan Audrey a takara ba, ya raba gardama.

Garba: Ni ban janye komai ba, Auwal.

Zainab: Kuma ba wanda ya tabbatar da wannan sai kai, Yaya. Ka ɓoye cewa fim ɗin da Warner ya yi da Audrey ya ci Oscar takwas a wannan daren, har da na fim mafi kyau.

Nafisa: Zainab, takwas ɗin nan ba ko ɗaya na Eliza. Kuma tambayata a kan Warner take, har yanzu ba wanda ya amsa ta: da wane dalili ya ɗauki Harrison daga dandamalin ya bar wadda suka yi wasan tare?

Malam Sabo: Ki fara cire "mawaƙiya" daga tambayar, sai in amsa miki.