Musayar Baitoci: Baba da Inna Sun Ajiye Alli

Mai buɗe fage, daga Ringim:
Assalamu alaikum. 'Yan garinmu biyu sun yi ritaya daga Jami'ar Bayero a bana. Baba Farfesa na fannin noma ya cika 70, shekarun da dokar 2012 ta yanka wa farfesoshi, Inna Malama ta sashen ilimi kuma ta cika 65. Ranar Asabar za a karrama su a ƙofar Hakimi. Mu tara baitocin da za a rera, ƙwar huɗu, amsa-amo "ra".

Da sunan Allah Mai halitta,
Da Ya ba ɗan Adam fahimta,
Tsira ga Manzo mai nagarta,
Da su waƙarmu za ta fara.

Tsohon ɗalibin Baba, daga Taura:
Ni na zauna gabansa a aji,
Ya buɗe mana sirrin ƙuduji,
Yadda yake tsotse gero a daji,
Tun kan furensa ya sa ka lura.

Ya ce irinsa gwanin haƙuri,
Shekaru yana kwance a wuri,
Saiwar hatsi ke yi masa kirari,
Ya farka ya kama ta ba saurara.

A tuge shi tun bai zub da iri ba,
A sa taki, kar a ce ba a ji ba,
Gyaɗa da waken suya ba su ƙi ba,
A juya shuka, haka ya tsara.

Taubashin Baba, manomi:
Ku dakata, ni ne taubashinsa,
Na san shi tun ana goyonsa,
Takardu sun cika ɗakinsa,
Ko kunya guda bai iya gyara.

Ya tafi Kano da jakar fata,
Ni ko gona ban taɓa barin ta,
Bana mu ga wa zai fi wadata,
Rumbu da rumbu za mu kara.

'Yar ƙanen Baba:
Kawu, a hankali da wasan nan,
Irin geron da ka shuka ɗin nan,
Mai nuna da wuri a daminar nan,
Wa ya kawo maka shi bara?

A gonar gwaji aka auna shi,
Damina bayan damina ana bin shi,
Kai dai ka karɓa ka shuka shi,
Ka ce wai naka ne da dabara.

Taubashin Baba:
Ke 'yar nan, da kuɗina na saya, ko ragi ubanki bai yi mini ba. Ki tambaye shi.

Malamar firamare, daga Babura:
Kun cika fage da zancen gero,
Kun mance Inna ta Jami'ar Bayero,
Ita ta cire mana kunya da tsoro,
Ta ce mace ma tana jagora.

Ina koyarwar gwaji ta biyo ni,
Har ƙauye kan babur ta same ni,
Ta zauna baya ta saurare ni,
Jan biro ya bi layi yana gyara.

Kundin digirina ta sha mai da,
Na yi kuka har na jiƙa takarda,
Yau ni ke riƙe da 'yan aji shida,
Da salonta nake gina yara.

Ƙaninsu a aiki, daga Dutse:
Yaya Malama kin tuna mini wani abu. Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 aka kafa ta, ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa a 2013. Kafin nan ɗan Jigawa sai ya nufi Kano ko Zariya, a hannun irin su Baba.

Dutse ta samu tata jami'a,
Kafin Hausa ta bi sahu da sa'a,
Mu da ke koyarwa cikin jama'a,
Da yawa a gabansu muka fara.

A yajin aikin 2022 an sha wuya,
Wata takwas aji ba ko mutum ɗaya,
Wasu sun haye Turai da Saudiyya,
Su kam suka ce nan za su jira.

Wata uwa, daga ƙauyenmu:
Ni ban iya ƙirga gaɓa ba, ku yi haƙuri da nawa.

Ɗana ya je birni bai san kowa ba,
Inna ta ba shi ɗaki, ba ta karɓi ko kwabo ba,
Baba ya cika masa fom bai gaji ba,
Allah Ya biya su da Aljanna da sutura.

Mai buɗe fage:
Amin, Hajiya, naki za a fara rerawa. Ga roƙona gare su:

Baba ka ba mu zaure ranar kasuwa,
Mai ciwon gona ya zo da damuwa,
Inna ki leƙa 'yan mata masu tasowa,
Makarantarsu na son shawara.

Masu kawo tabarmi su iso da hantsi. Kawu Taubashi, buhun geron da ka yi alkawari za a dama fura da shi, kada ka zo hannu rabbana.