Jar fitila a ƙofar ɗakin leza, dole ce?

Mai allon talla: Salamu alaikum. Na sayo injin leza na CO2 (mai aiki da iskar carbon dioxide) ina yanka roba da katako a shagona da ke Terminus, Jos. Jiya ƙanena ya faɗo ɗakin ina tsakar aiki, murfin a ɗage, gabana ya faɗi. Takardar "Hattara" a ƙofa ta wadatar, ko sai fitila?

Injiniyan Bukuru: Wa alaikumus salam. Malam, takarda ba ta cewa injin na aiki yanzu. Hasken lezar CO2 tsawon zangonsa nanomita 10,600 ne, wato ido ba ya ganinsa, amma yana ƙona fata da ido. Sa jar fitila sama da ƙofa, a jona ta da makunnin injin: ya tashi, ta kama. Ka liƙa alamar gargaɗin leza mai kusurwa uku, ruwan ɗorawa. Murfin kuma me ya sa yake ɗage? Akwai makullin da ke yanke hasken in an buɗe.

Mai allon talla: Wallahi ni na cire shi, yana ɓata min lokaci.

Hajiya mai zane: Haba ɗana! Mayar da shi yau. Kuma kada ka yanka robar PVC, hayaƙinta guba ne.