Sanin sunayen bakteriya ko ganin yadda suke zaune?

Maryam: Assalamu alaikum. Ina nazarin yauƙin da bakteriya ke ginawa a cikin bututun ruwa, kuma kuɗin bincikena hanya ɗaya kawai zai iya ɗauka: ko karanta jerin 16S rRNA (wani sashe na ƙwayoyin gado da ake gane nau'in bakteriya da shi), ko yin FISH (manna wa bakteriya alamomi masu ƙyalli domin a gan su a inda suke) da madubin konfokal, wato madubin ganin ƙananan halittu mai aiki da hasken leza. Burina in san wace ƙwaya ce ke manne da bangon bututu, wace ce ke samanta. Wanne zan zaɓa?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ki fara da rinin Gram, wato rinin da ake bambanta bakteriya da shi, wanda ake amfani da shi tun 1884.

Dakta Rabi: Malam, rinin Gram gida biyu kawai yake raba su. Ƙanwata, kafin a karanta jeri sai an farfasa samfurin, don haka za ki sami sunaye amma ki rasa tsarin zamansu. Da FISH aka nuna a 2016 yadda zaruruwan bakteriyar Corynebacterium ke miƙe a cikin dattin haƙori, bakteriyar Streptococcus kuma suna taruwa a kawunan zaruruwan. Sai dai dole ki san waɗanda kike nema kafin ki sayi alamomi masu ƙyalli.

Aliyu: Ni dai ki kula da wanda za ki miƙa wa samfuri. Na kai nawa wani ɗakin gwaji domin konfokal, sai suka busar da shi suka saka a madubin lantarki ba tare da sun tambaye ni ba. Yauƙin nan yawancinsa ruwa ne, ya rushe gaba ɗaya, hotunan suka fito da kyau amma babu tsarin da nake nema. Kuɗi ya ƙare, wa'adin karatuna ya wuce, har yau babu wanda ya ba ni haƙuri.

Malam Habu: Allah ya musanya maka. FISH ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Dakta Rabi: A wurinmu ya fi araha, domin alama ɗaya tana isar samfura masu yawa.

Malam Habu: Dakta, ku kuna rubuta sakamako, mu ne ke zama gaban madubi muna kallon ƙyalli yana dusashewa ƙarƙashin leza.

Sani: Da bakteriyar sun san ana wannan gardama, da sun rubuta sunayensu a goshi.

Aliyu: Lezar ma ita ce babbar damuwa. Tamu ta mutu, an sayi na'urar ba tare da yarjejeniyar gyara ba, ɗakin yana kulle.

Maryam: Dakta, idan na raba samfurin biyu, rabin zai isa?