Neman shawara: in cire ɗana daga ƙwallon Amurka?

Uwar Biyu, Houston: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa 9, yana buga ƙwallon Amurka, wadda ake sa hular kwano ana kayar da juna. Bakwaini ne, tun yana goye ba shi da jiki, abinci sai an yi faɗa yake ci, kakarsa har rubutu ta aiko masa daga Kano. Duk ƙungiyarsu shi ne ƙarami. Ranar Asabar wani ƙato ya maka shi da ƙasa, ya tashi yana tangaɗi, da dare ya ce kansa na ciwo. In na ce ya bari sai kuka, abokansa duk suna can. Wallahi ba na barci.

Kawu Bronx: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki bar yaro ya zama namiji. Darren Sproles gajere ne, amma ya fi shekara 10 yana buga wa a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. Mu da muka tashi da kokawa da langa, me ya same mu?

Malamar Jinya: Yaya, kin kai shi asibiti? Tangaɗi da ciwon kai bayan buguwa alamun girgizar ƙwaƙwalwa ne. Hular kwano ƙoƙon kai take karewa, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki. Kada ya koma fili sai likita ya amince. Binciken CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, na 2021 ya nuna yara masu kayar da juna sun ninka masu buga ta fizgar ƙyalle (wadda ake fizge ƙyalle daga ƙugun ɗan wasa maimakon a kayar da shi) sau 15 wajen buguwar kai. Ki mayar da shi ta fizgar ƙyallen, har gasar Olamfik ta 2028 za a buga ta.

Uwar Biyu: Ai washegari ras ya tashi, har keke ya hau. Kuma kocinsu mutumin kirki ne, ga kuɗin rajista da na kaya duk mun biya.

Baban 'Yan Mata: Ke ma kin yi sa'a ana sa naki. Ɗan ƙanwata kakar wasa guda yana ɗumama benci, koci ɗansa kawai yake sawa.

Kawu Bronx: Ta fizgar ƙyalle wasan mata ne. Ki ƙara masa nama da madara, shi ke nan.

Malamar Jinya: Kawu, don Allah, madara ba ta maganin buguwar kai. Yaya, babansa me ya ce?

Uwar Biyu: Bai san ya faɗi ba tukuna. Gobe Talata suna da atisaye ƙarfe 6.