Abin da na tsinta a hirar masu neman aiki

Ranar Asabar muka zauna da wasu matasa da suka gama bautar ƙasa, aiki shiru har yau.

Bakinsu ya zo ɗaya: zaman jira ne ke cinye mutum. Wasu sun yaba shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don koya wa mutum miliyan 3 fasahar zamani, wasu kuma kwas ɗin kyauta na Jobberman, shafin neman aiki, kan iya mu'amala a wurin aiki. Matsalar dai data ce. Wata ta ce da tsakar dare take sauke darussa, lokacin da ta fi araha.

Shafin da ya nemi kuɗi kafin ya ba ka aiki, guje shi.

An fi daɗewa a kan damuwa, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar. Wani ya ce wata biyu ya yi bai leƙa majalisa ba, gudun tambayar "ya labarin aiki?" Aka ce ya ware awa biyu kullum don nema, sauran lokacin ya shiga mutane. In barci ya ƙaurace, abinci ya daina shiga, a ga likita. Ƙungiyar MANI mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ma tana sauraron masu damuwa ta intanet.