Gettysburg ko Vicksburg, wanne ya karya lagon Kudu?

Assalamu alaikum malamaina masana tarihi. Ina shirya wa ɗalibaina darasi kan yaƙin basasar Amurka tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, amma na cije a wuri ɗaya.

Kowa ya tashi magana sai fafatawar Gettysburg, inda aka fatattaki Janar Lee na Kudu ranar 3 ga Yulin 1863. To amma washegari birnin Vicksburg da ke bakin kogin Misisipi ya miƙa wuya ga Janar Grant na Arewa, cikin 'yan kwanaki kogin Misisipi ya kuɓuce wa 'yan Kudu, ƙasarsu ta rabe biyu. A ganina wannan ya fi yi musu illa, tunda Lee ya tsira da rundunarsa, bai ajiye makami ba sai Afrilun 1865.

Ga kuma fafatawar Antietam ta 1862, wadda ta ba shugaban Amurka Lincoln damar shelar 'yanta bayi. Don Allah wanne zan ce wa yaran ya juya akalar yaƙin, kuma da wace hujja?